Ina son sabon Firefox a kan Debian ba tare da na ɓata wanda ke ciki ba

Sani Agege: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu Linux ku ba ni shawara. Ina da ɗan shagon buga takardu da cike fom a nan Agege, kwamfuta huɗu ne duk tokumbo, da Windows 7 ce a kansu to da Chrome ya tsaya a 109 ya daina karɓar sabo a 2023 sai wani ɗan'uwa ya zo ƙarshen shekarar ya sa min Debian 12, wani nau'in Linux, a kansu duka, kuma wlh tun lokacin ban san ciwon kai ba, ba bairos ba komai. Damuwar yanzu burauzar da ke ciki ce, Firefox ESR 115, wato reshen Firefox mai canzawa a hankali da Debian ke zuwa da shi. Akwai shafin wata makaranta da ɗalibai ke zuwa cike fom, da an buɗe sai ya ce burauzarku ta tsufa, wajen loda hoto ma maɓallin ba ya dannuwa, jiya ina kallo mutane suka tashi suka tafi wani shagon. Abin toshe talla da ke ciki shi ma tun wajen watan Maris ya kashe kansa. Yaron da ke taya ni ya ce ya gani a wani bidiyo wai a ƙara layin sid a sources.list, fayil ɗin da ke nuna wa apt (abin da ake sa manhajoji da shi a Debian) ma'ajiyoyin da zai sauko da kaya daga gare su, sai a buga apt install firefox shikenan. Ban bari ya taɓa komai ba tukun. Ni so nake sabon ya shiga tsohon kuma ya zauna inda yake, don duk faswod ɗina da shafukan da na ajiye suna cikinsa.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Malam Sani ka riƙe hannun yaron nan, kar ya sa layin sid ɗin. Ina zuwa in yi maka bayani, ina da kwastoma a gabana.

Auwal Mile 12: Oga Sani me ya sa za ka wahalar da kanka ne, kawai ka sauke Chrome ka huta. Duk shafukan ƙasar nan da Chrome ake gwada su.

Sani Agege: Auwal na yi tunanin haka amma kwamfutocin nan ram ɗinsu giga 4 ne, ɗaya ma 2, kuma na saba da Firefox ɗin

Injiniya Bashir: To na dawo. Abin da ya sa na ce kar a taɓa sid shine, sid ɗin nan shi ne reshen Debian da ake zuba komai sabo ɗanye kafin a tantance, kuma Firefox ɗin da ke can an gina shi ne da sababbin laburaren can, ba da naka ba. Kai Debian 12 kake, libc6 ɗinka, wato babban laburaren sistam ɗin, 2.36 ne. Da ka ce apt ya kawo firefox daga sid ba shi kaɗai zai zo ba, zai ce sai an ɗaga libc6, sai an ɗaga libnss3, su kuma su jawo wasu, libc6 kuwa kusan duk wani abu da ke motsi a cikin kwamfutar a kansa yake tsaye har da abin da ke sa firinta ta yi aiki. In kuma aka manta layin a ciki aka zo aka yi upgrade wata rana to rabin sistam ɗin ya koma sid rabi yana 12, kuma apt bai iya komawa baya ba. Watan jiya aka kawo min laftof a nan Otigba, Ikeja, da irin wannan, tana kunnuwa amma baƙin allo kawai, sai da muka kwashe fayilolin mai ita muka sake sa komai daga farko. Su kansu mutanen Debian suna da shafi guda da suka rubuta don gargaɗi a kan wannan haɗin gambizar.

Malam Habu: Ni kafin ma a kai ga sabon Firefox tambaya gare ni. Sani, yaushe rabonka da ka yi apt update da apt upgrade a kwamfutocin nan?

Sani Agege: Baba Habu an jima gaskiya, data ce matsalar, kwamfuta huɗu kowacce ta ja nata

Malam Habu: To ai ga matsalar nan. Debian 12 ta daɗe da barin 115. An kai ta 128 a 2024, a 2025 ma aka kai 140, kuma duk ta hanyar sabuntawar tsaro ta Debian ɗin kanta suke zuwa ba sai ka ƙara ma'ajiyar kowa ba. Abin toshe tallan da ka ce ya mutu a Maris ma na san dalilinsa, akwai wata takardar shaida ta Mozilla da ke cikin burauzar wadda wa'adinta ya ƙare ran 14 ga Maris 2025, duk wanda Firefox ɗinsa bai kai 128 ba, ko in ESR ne bai kai 115.13 ba, ƙarin manhajojinsa suka daina aiki. Kaga kenan taka ta kwana biyu sosai. Kuma ni abin da ya fi damuna ba fom ɗin ba ne, mutane na shiga banki da imel ɗinsu a kan burauzar da ta fi shekara ba a toshe mata ramukan tsaro ba. Amanar mutane ce a hannunka Sani. Ka yi wannan yau kafin komai.

Auwal Mile 12: Amma Baba Habu ko 140 ɗin ai tsoho ne, a Nuwamban nan na 2025 ana 145

Malam Habu: Auwal lambar ce ke ruɗa ku. ESR reshe ne da Mozilla ke yi da gangan don makarantu da kamfanoni, sau ɗaya a shekara ake canza babbar lambar, amma gyaran tsaro duk sati huɗu yake samu tare da Firefox na gama-gari. Sabon salo ne kawai ba ya samu. Mai shago kuwa me zai yi da salon da ke canza wurin maɓalli duk wata, kwastoma ya zo ya rasa inda ake danna firint?

Hajiya Rabi Idi-Araba: Malam Habu ka yi gaskiya amma ba duka ba. Ni ma aikin da nake yi kenan kuma na ga shafin da ko ESR ɗinka na jiya-jiya ne sai ya ce ka tsufa, saboda masu rubuta shafin lambar kawai suke dubawa, in ba ta cikin biyu ko uku na ƙarshe sai su rufe ƙofa. Ba za ka tsaya yi wa ɗalibi bayanin ESR ba alhali gobe ake rufe fom, tashi zai yi. Dole mutum ya ajiye guda biyu. Ni a wajena ESR ne na kullum, sabon kuma yana gefe don irin waɗannan shafukan.

Sani Agege: Yawwa Hajiya abin da nake nufi kenan. Ke ya kika sa naki?

Hajiya Rabi Idi-Araba: Ƙanina ne ya sa min, Nura. Bari in kira shi ya shigo.

Nura Yaba: Salam. Yaya Sani hanyar da na bi wa Anti ita ce mafi sauƙi kuma ba ta taɓa apt ko kaɗan. Ka je shafin Mozilla ka sauko da na Linux 64-bit, zai zo a dunƙule sunansa ya ƙare da .tar.xz, da .tar.bz2 ne suka canza a farkon 2025 shi ya sa tsofaffin bidiyoyi umarninsu ba ya yi. Bai kai mega 100 ba. Ka buɗe tamina a inda ya sauka ka buga
tar xf firefox-*.tar.xz
zai fito da folda mai suna firefox, sai
sudo mv firefox /opt
sudo ln -s /opt/firefox/firefox /usr/local/bin/firefox
Shikenan. Duk kayansa na cikin foldar nan guda, tsohon kuma sunansa firefox-esr yana wajensa ba abin da ya haɗa su. Ranar da ka gaji da shi ka goge foldar da mahaɗin, sistam ɗinka bai ma san an yi ba. Kuma tunda kana kukan data, sau ɗaya za ka sauke ka sa a filash ka zagaya sauran kwamfutocin.

Sani Agege: Wannan na filash ɗin ya min wlh. Zai fito a jerin manhajoji yadda kwastoma zai gani ya danna?

Nura Yaba: A'a sai ka yi masa ɗan fayil mai ƙarewa da .desktop ka ajiye a /usr/local/share/applications, layi biyar ko shida ne, suna da inda manhajar take da hoton tambarin. Zan turo maka nawa ta sako ka kwafa. Ka sa masa suna daban kamar Firefox Sabo don kar a riƙa ruɗewa tunda tambarin iri ɗaya ne.

Injiniya Bashir: Nura hanyarka tana aiki ban musa ba amma ka faɗa masa ɗaya gefen. Abin da ke /opt na root ne, wato babban asusun da ke iko da duk sistam ɗin, burauzar ba za ta iya sabunta kanta ba, sai dai ta riƙa nuna masa saƙo cewa akwai sabo je ka sauke. Mutumin da ya shekara bai yi apt upgrade ba kana ganin duk sati huɗu zai zagaya kwamfuta huɗu da filash? Bayan wata shida za mu dawo nan da burauza biyu duk tsofaffi.

Nura Yaba: To ya ajiye foldar a cikin gidansa maimakon /opt mana, nan tana da izinin rubutu za ta sabunta kanta

Injiniya Bashir: A laftof ɗinka kai kaɗai e. A shago fa? Asusun da kwastoma ke zama a kai shi ne mai foldar, duk wanda ya zauna zai iya gogewa ko ya canza wani fayil a ciki, ko wani abin da ya sauko da shi ya canza. Ni ba zan sa burauzar da jama'a ke shiga banki da ita a inda kowa ke da hannu ba. Shi ya sa na fi son ma'ajiyar Mozilla ta apt. Tun Janairun 2024 da Firefox 122 ya fito suka fara ba da .deb nasu na kansu, wato kunshin manhaja irin na Debian, a packages.mozilla.org, kuma sun gina shi yadda zai hau Debian da Ubuntu ba tare da ya nemi a ɗaga libc6 ba, nan ne bambancinsa da sid. Ka sa makullinsu a /etc/apt/keyrings, ka ƙara layi ɗaya a fayil ɗinsa daban cikin sources.list.d, ka yi apt install firefox. Sunan kunshin firefox, na Debian kuma firefox-esr, kowa da gidansa. Daga nan duk ranar da ka yi apt upgrade su biyun za su sabunta tare.

Malam Habu: Bashir ni fa a nan nake da ja. Ka hana shi ƙara layin sid kai kuma ka ba shi wani layin ya ƙara. Duk ma'ajiyar da ka sa a apt ka ba masu ita ikon root a kan kwamfutarka ne duk ranar da ka sabunta. Ni tun zamanin da Debian ke kiran burauzar nan Iceweasel, kafin su dawo da sunan Firefox a 2016, ban taɓa sa ma'ajiyar waje ba.

Injiniya Bashir: Haka ne Baba, maganar ikon root gaskiya ce. Amma wanda ya rubuta burauzar da kake zuba faswod ɗinka a ciki ai ka riga ka yarda da shi, ba wani ne can da ba a sani ba ya buɗe ma'ajiya a ɗakinsa. Kuma abin da ke ciki Firefox ne da 'yan'uwansa kawai, babu libc babu kanel, ba shi da abin da zai ja maka.

Zainab Obalende: Injiniya akwai abu ɗaya da ya kamata a ƙara a nan don na gani da idona a ofis ɗinmu. Umarnin da Mozilla suka rubuta yana da wani mataki na fifiko, inda ake sa Pin-Priority 1000 a kan duk abin da ya fito daga wajensu. An yi shi ne musamman saboda Ubuntu, tunda daga 22.04 in ka ce apt install firefox wani ɗan kunshi ne ke zuwa ya jawo maka snap, wani tsarin kunshi daban na Ubuntu, to sai an fifita na Mozilla kafin a samu .deb na gaske. Amma ma'ajiyar Mozilla ita ma tana da kunshi mai suna firefox-esr, in ka kwafi matakin nan yadda yake da tauraro a wajen Package to apt zai fifita nasu ya maye gurbin na Debian da shi. Malam Sani kuma cewa ya yi tsohon ya zauna yadda yake. Saboda haka a wajen Package ya rubuta firefox kawai, kuma kafin ya yarda da komai ya buga apt policy firefox-esr ya ga daga ina zai zo.

Injiniya Bashir: Madalla Zainab, wannan gyara ne mai kyau. Kuma Malam Sani ka riƙe wannan, duk lokacin da apt ya jero maka abin da zai yi ka karanta kafin ka danna Y, in ka ga ya ce zai cire wani abu ko zai ɗaga abubuwa da yawa alhali burauza ɗaya ka nema, ka danna n ka turo mana hoto.

Auwal Mile 12: Flatpak fa, wannan ɗaya hanyar sa manhaja da ba ta bi ta apt? Ba wanda ya ambace shi

Nura Yaba: Yana yi, kuma Mozilla da kansu ke sa shi a Flathub. Amma karon farko sai ya sauko da nasa laburaren gaba ɗaya, ɗaruruwan mega ne, sau huɗu kuma. Ga shi a killace yake, wani lokacin sai ka yi ta fama kafin ya ga wata folda. Ga mai kukan data da ram giga 2 ban ba shi shawara ba.

Auwal Mile 12: Ni dai har yanzu ina kan Chrome. Shi ma ai .deb ne, kana sawa yake ƙara ma'ajiyarsa da kansa ya riƙa sabuntawa

Zainab Obalende: Auwal in don shafin da ya nace sai dangin Chrome ne, akwai chromium a cikin Debian ɗin kanta, apt install chromium kawai, kuma shi suna bin sabon fitowa ba kamar ESR ba. Ba laifi ya ajiye shi a kwamfuta ɗaya. Amma ba shi ya tambaya ba.

Sani Agege: Jama'a na gode. Na yi abin da Baba Habu ya ce a kwamfuta ta farko da daddare da data ta dare, yanzu tana nuna 140 kuma abin toshe talla ya dawo da kansa. Shafin makarantar ya daina cewa ta tsufa amma maɓallin hoton har yanzu sai a hankali. Sai na bi hanyar Injiniya da gyaran Zainab na sa sabon, ya hau lafiya, hoto ya lodu. Amma hankalina ya tashi, na buɗe sabon ba faswod ko ɗaya ba shafukan da na ajiye, fari fat kamar yau aka haife shi. Sun goge ne??

Hajiya Rabi Idi-Araba: Kwantar da hankalinka, buɗe tsohon ka gani suna nan

Sani Agege: Alhamdulillah suna nan. To ya zan sa sabon ya yi amfani da na tsohon?

Nura Yaba: Kar ka yi haka Yaya Sani, nan ne mutane ke ƙonewa. Tun Firefox 67 a 2019 kowane Firefox da ka sa yana buɗe nasa furofayil daban, wato foldar da yake ajiye faswod da shafukanka, da gangan aka yi. Dukansu suna cikin ɓoyayyar folda .mozilla/firefox a gidanka, ka danna Ctrl da H za ka gan ta. In ka tilasta wa 145 ya buɗe furofayil ɗin 140 zai buɗe, amma zai canza tsarin fayilolin zuwa nasa, ranar da ka koma ESR sai ya ƙi buɗewa ya ce an yi amfani da wannan a sabon Firefox, ka ƙirƙiri wani. Gaba ake tafiya ba a dawowa. In kana son kayanka a sabon, kwafa za ka yi. Ka rubuta about:profiles a kowanne ka ga sunan foldarsa, ka rufe su duka biyun, ka fara kwafe .mozilla gaba ɗaya a filash don ajiya, sannan ka ɗauki logins.json da key4.db tare, su ne faswod kuma ɗaya ba ya aiki sai da ɗayan, da places.sqlite shi ne shafukan da ka ajiye da tarihi, ka zuba kwafinsu a foldar sabon.

Malam Habu: Tsaya Nura. Sani wannan kwamfutar kai kaɗai ke zama a kanta ko har kwastoma?

Sani Agege: Har kwastoma Baba, in layi ya yi yawa

Malam Habu: To kar ka kwafa. Ka bar sabon fari fat ɗin nan yadda yake, shi ne na jama'a, ka shiga saitinsa ka hana shi ajiye faswod ka sa ya riƙa share tarihi da kukis in an rufe. Tsohon mai kayanka kuma ka sa masa babban faswod, Primary Password, akwai shi a saitin tsaro, ba wanda zai ga faswod ɗin da ke ciki sai ya san shi. Wanda ya fi ma ka buɗe wa kwastoma asusu daban a Debian ɗin wanda ba shi da sudo, wato ikon root. Filash ɗin da ka kwafe .mozilla a kai kuma kar ya kwana a shago, duk wanda ya ɗauke shi ya ɗauki faswod ɗinka.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Wannan haka yake. Sau nawa ɗalibi zai tashi ya bar imel ɗinsa a buɗe na bayansa ya zo ya tarar. Ni har takarda na manna a bango.

Sani Agege: Na bar shi haka, na sa babban faswod ɗin. Ta biyu da ta uku ma sun yi. Ta huɗun ce mai giga 2 ta ƙi, ESR ɗin ya sabunta amma sabon na gwada ta apt bai kawo 145 ba, na gwada na filash ɗin Nura shi kuma ya ce cannot execute binary file

Injiniya Bashir: Buga uname -m ka faɗa min abin da ta ce

Sani Agege: i686

Injiniya Bashir: Debian mai 32-bit ce a kanta, fayil ɗin da ka sauke kuma na 64 ne. Kuma ko ka nemi na 32 ba za ka samu 145 ba, Mozilla sun tsaya a 144 wa Linux mai 32-bit. Chrome ma da Auwal ke ta kira tun Maris 2016 ya bar 32-bit a Linux. Abin da ya rage mata ESR 140, shi an ce za a ci gaba da yi masa gyara har zuwa Satumban 2026 aƙalla. Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ita ma ba ta da manhajar sakawa (installer) ta 32-bit, kaga hanyar ta kusa ƙarewa. Amma buga lscpu ka duba layin da ke cewa op-mode, da yawa daga tokumbon nan injinsu na iya 64, wanda ya sa musu sistam ne ya ga ram kaɗan ya zaɓi 32.

Sani Agege: Ya rubuta 32-bit, 64-bit

Injiniya Bashir: To tana iyawa. Sai dai ba a juya ta a zaune cikin sauƙi, sake sawa za a yi daga farko da na 64. Ka kwashe fayilolin kwastoma da foldar .mozilla ɗinta, ka rubuta sunan firintarka da lambarta don mu tabbatar direbanta zai hau. Ka buɗe murfin ka ɗauki hoton ram ɗin ka turo in ga ko DDR2 ne ko DDR3, in akwai ramin da ba komai mu ƙara mata ta kai 4, don 64-bit a kan giga 2 da sabon Firefox za ta riƙa ja.

Malam Habu: Kafin nan ka bar ta a kan buga takardu da ESR ɗin, fom ɗin makarantar a yi a sauran ukun.

Sani Agege: Haka za a yi Baba. Injiniya ranar Asabar da safe zan shigo jirgin ƙasa daga Agege in sauka Ikeja da ita, ƙarfe nawa kake buɗewa?

Injiniya Bashir: Tara ina nan. Akwatin kawai za ka kawo, ina da allo da waya. Ka turo hoton ram ɗin yau don in nemo kafin ka iso.